Abin da ya sa kammala gini ba ya nufin an kammala aiki

Sau da yawa jama'a kan ga an gama ginin madatsar ruwa ko tashar lantarki, an yi fenti, an kafa allo, amma watanni su shuɗe ba a fara cin moriyar wurin ba. Nan take sai a fara zargin an yi watsi da aikin. Wani lokaci zargin gaskiya ne, amma a lokuta da dama abin da ya rage shi ne kason da ido ba ya gani, wato aikin injiniyan lantarki da na'urorin awo.

Tashar Zungeru da ke kan Kogin Kaduna a Jihar Neja za ta iya zama misali. An ƙaddamar da gininta a 2013, kuma tana da injina huɗu, kowanne mai ƙarfin megawat 175, jimilla 700. Magina sun zuba kankare, masu haɗa injina sun girka nasu, amma ruwan ba zai zama wuta a shagon ɗan kasuwa ba sai wannan injiniya ya sauke nauyi biyu da ke kansa.

Na farko shi ne ɓangaren lantarki: taransifomomi, manyan wayoyi, makunnai da na'urorin kariya masu katse wuta cikin ƙiftawar ido idan matsala ta taso. Na biyu shi ne na'urorin awo, waɗanda su ne idanu da kunnuwan tasha. Su ke auna tsayin ruwa, matsinsa, zafin boris da jijjigar inji, su aika da bayanin zuwa kwamfutar ɗakin sarrafawa.

Yawancin na'urorin suna aika saƙonsu ne da 'yar ƙaramar wuta mai ƙarfin miliamfiya 4 zuwa 20. An fara daga 4 ne da gangan, domin idan allo ya nuna sifili, ma'aikaci zai gane cewa waya ce ta tsinke ko na'urar ta lalace. Kafin a kunna tasha, sai an bi kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, wani yana wurinta, wani yana gaban allo, a tabbatar abin da aka auna shi ne ya bayyana. A babban aiki irin waɗannan gwaje-gwaje kan kai dubbai.

Daga nan sai haɗa inji da babban layin ƙasa mai ƙarfin kilobolt 330, wanda wutarsa ke bugawa sau 50 a daƙiƙa. Dole ƙarfin wutar injin da bugunta su yi daidai da na layin kafin a haɗa su. Kuskure a wannan gaɓa na iya lalata injin da aka kashe maƙudan kuɗi wajen sayensa.

Ba a kan waya kaɗai aikinsa ya tsaya ba. Shi ke duba zane, ya yi odar kaya daga ƙasashen waje, ya halarci gwajinsu a masana'anta, ya bi sawunsu har su fito daga tashar jiragen ruwa. Shi ne kuma ke tsare magina su bar hanyar wayoyi kafin a zuba kankare, domin idan aka manta sai an fasa abin da aka gina.

Babbar matsalarsa ita ce shi ke zuwa a ƙarshe, don haka duk jinkirin da wasu suka jawo a kansa yake taruwa. Idan an riga an tsayar da ranar bikin buɗewa, sai a matsa masa ya taƙaita gwaji. Tashar da aka kunna a haka kan yi aiki ranar biki, daga baya ta riƙa tsayawa. Haɗarin ɗaya ne a matatun ruwan sha, inda na'ura ke auna sinadarin kulorin, da kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, inda faɗuwar matsi ke nuna yoyo.

Doka ta yi nata tanadin. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, yayin da NEMSA ke duba kayan lantarki ta ba da shaida kafin a saka musu wuta. Sauran nauyin yana kan ma'aikacin gwamnatin da zai sa hannu a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe. Ya kamata ya nemi takardun sakamakon gwaji, zanen aikin kamar yadda aka gina shi, kayan gyara na ajiya, da shaidar horar da waɗanda za su riƙe tashar. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma idan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba tare da an gwada ba, jama'a ne za su biya kuɗin gyara.