Manomin Dankali a Duniyar Mars

A shekarar 2009, wani mai rubuta manhajar kwamfuta a jihar Kalifoniya ta Amurka, Andy Weir, ya duƙufa kan wani lissafi da babu wanda ya sa shi. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: in aka tura mutane duniyar Mars, kayan aiki suka lalace, ta yaya za su tsira da ransu? Daga wannan tambaya labarin Mark Watney ya tsiro, ɗan sama-jannatin da abokan tafiyarsa suka baro shi kaɗai a Mars, suna zaton guguwa ta halaka shi.

Weir ya tashi a gidan ilimi. An haife shi a 1972, mahaifinsa masanin kimiyya, mahaifiyarsa injiniyar lantarki. Yana ɗan shekara 15 ya fara aikin kwamfuta a Sandia, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin binciken gwamnatin Amurka. Duk da haka zuciyarsa tana wajen rubutun labari. Da aka sallame shi daga kamfanin AOL a 1999, sai ya ware shekara uku yana rubutu, yana aika wa wakilan da ke shiga tsakanin marubuta da kamfanonin ɗab'i. Babu wanda ya karɓe shi. Ya haɗiye takaicinsa ya koma aikin ofis.

Shi ya sa da ya fara labarin Watney, mai suna The Martian, bai ko nufi ƙofar wani kamfani ba. In ya gama babi, sai ya ɗora a shafinsa na intanet, kowa ya karanta kyauta. Yana da masu karatu kimanin 3,000 da suka saba bibiyarsa, yawancinsu masu ƙaunar kimiyya ne irinsa, waɗanda ba a yi musu rufa-rufa.

Sanin irin mutanen da ke jiransa ya sa bai ɗauki komai da wasa ba. Watney masanin tsirrai ne, abincin da ya rage masa kuma ba zai kai shi ranar da za a zo ceto ba, don haka ya shuka dankalin turawa a cikin ɗakin da yake zaune. Weir ya lissafa faɗin gonar, da ruwan da ƙasar za ta sha, da ƙarfin da dankalin zai ba jikin mutum kowace rana. Takin daga bayan-gidan 'yan sama-jannatin ya fito. Ruwan kuwa daga man roka Watney ya haɗa shi, aikin da ya kusa tashin ɗakin da shi a ciki. Hanyar da kumbon 'yan sama-jannatin, Hermes, zai bi tsakanin duniyarmu da Mars ma sai da Weir ya rubuta mata manhaja ta musamman. In ya yi kuskure, masana daga cikin masu karatunsa su rubuto masa, shi kuma ya koma ya gyara ba tare da girman kai ba. Akwai wurin da ya kauce wa kimiyya da saninsa, kuma bai ɓoye ba: iskar Mars ba ta da kaurin da za ta yi guguwar da ta buɗe labarin.

Da littafin ya kammala, wasu suka roƙe shi ya sa shi a Kindle na kamfanin Amazon, don ya fi musu sauƙin karantawa. Amazon bai yarda a sa shi kyauta ba, sai Weir ya zaɓi farashi mafi ƙanƙanta, senti 99, ko dala ɗaya bai cika ba. A 2012 ke nan. Cikin wata uku aka sayi kwafi 35,000, adadin da ya zarce na waɗanda suka sauke shi kyauta.

Daga nan masu ƙofofin da suka daɗe a rufe suka fara nemansa da kansu. A watan Maris na 2013 kamfanin ɗab'i na Crown ya sayi littafin, a makon kuma kamfanin fim na 20th Century Fox ya ƙulla yarjejeniyar mayar da shi fim. Duk wannan Weir yana zuwa ofis yana gyaran manhaja kamar kullum. Littafin ya fito a takarda a Fabrairun 2014. Fim ɗin, wanda Ridley Scott ya ba da umarni, Matt Damon ya fito a matsayin Watney, ya fito a 2015, ya tara sama da dala miliyan 600, aka kuma sa shi takarar kyautar Oscar a rukuni bakwai.

Duk lokacin da na ga marubutanmu na Hausa suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, Weir nake tunawa. Hanyar da suke bi ita ya bi. Abin da ya riƙe a kanta shi ne girmama mai karatu: ya yi masa bincike, ya saurari gyaransa, ya kai labarin ƙarshe. Mutum 3,000 ɗin nan da ya yi wa hidima kyauta, su suka fara ɗaukar littafin a kai suka shiga da shi kasuwa.