Akawun da ba ya barci: wa ke ba shi umarni?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

Duk mutumin Arewa da ke neman abincinsa a Kurmi ya san zaman maigida da yaransa. Bafatake in ya sauka a Sabo ta Badun ko Agege ta Ikko, ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye. Yana da maigidan da ke saukar da shi, shi kuwa maigidan yana da yara da dillalai. In dillali ya ba da kaya bashi, mai saye ya yi layar zana, maigida ake riƙewa, don shi ya tsaya.

To, jama'a, ga wani sabon yaro ya shigo kasuwa. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya neman izinin zuwa ganin gida da salla. Da yawa daga cikinku kun riga kun yi magana da shi, ko kun sani ko ba ku sani ba: shi ne ke amsa muku saƙo a WhatsApp ɗin banki da tsakar dare, wani lokaci ma shi ne muryar nan mai ladabi da ke ɗaukar waya. Ba mutum ba ne, aikin kwamfuta ne irin wanda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Mu kira shi akawun inji.

Ba yau ya iso Nijeriya ba. Tun watan Janairu na 2018 bankin UBA ya fito da nasa mai suna Leo a Facebook, daga baya aka kai shi WhatsApp. Amma abin ya canja kama bayan da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT ran 30 ga Nuwamba 2022. A watan Maris na 2023 kamfanin ya buɗe wata ƙofa, yadda kowane mai rubuta manhaja zai iya jingina tasa manhajar da wannan ƙwaƙwalwa, ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. A watan Oktoba na 2024 kuma ya buɗe irinta domin magana da murya kai tsaye. Wannan ƙofa ita Turawa ke kira API.

Mene ne API? Ku tuna tagar banki. Ba ka shiga bayan kanta ka buɗe akwatin kuɗi da kanka. Akwai takarda da aka tsara, ka cike ta yadda aka ce, ka sa hannu, ka miƙa ta taga, a yi maka aiki a dawo maka da shaida. API taga ce irin wannan, sai dai ba mutum ke tsayawa gabanta ba, kwamfuta ce ke miƙa wa kwamfuta takarda ta intanet. In an ce tagar ta jama'a ce, ba ana nufin kyauta ba ce. Ana nufin kamfanin ya buga ƙa'idojinta a fili, duk wanda ya yi rajista aka ba shi mabuɗi yana iya amfani da ita.

Na je na gani da idona wurin wani matashi da ke da ɗan ofis kusa da kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano. Wani attajirin hatsi na Dawanau ne ya sa shi aiki, don masu sayen kayansa na Kudu sun hana shi barci da tambayar farashi. Matashin ya nuna mini yadda ake "ɗaukar" akawu. Takarda ta fari da ya miƙa ta taga ita ce ta hali: sunanka wane, ka yi sallama, ka faɗi farashin da ke cikin jerin nan kaɗai, in an tambaye ka abin da ba ka sani ba ka haɗa mutum da Alhaji. Sa'an nan ya zaɓa masa murya, ya ɗaura shi a kan lambar waya. Kafin shayina ya huce akawu ya kama aiki.

In an kira, ayyuka uku ke faruwa cikin ƙiftawar ido a yawancin irin waɗannan na'urori. Wani sashe ya saurari magana ya mai da ita rubutu, wani ya karanta ya tsara amsa, na uku ya mai da amsar murya. Da an ajiye waya, sai kamfanin da ke riƙe da akawun ya aiko wa kwamfutar mai shi rahoto: wa ya kira, minti nawa, me aka ce.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne wurin canja umarni. Maigida mai yara talatin, in farashin wake ya tashi da hantsi, sai ya bi su ɗaya-ɗaya, kuma lalle a sami wanda bai ji ba. Nan kuwa matashin ya rubuta manhajar da ke duba littafin farashin Alhaji, da an taɓa lamba ɗaya sai ta miƙa sabon umarni ta taga, akawu ɗaya ne ko ɗari, duk su ɗauka lokaci guda ba tare da wani ya tashi daga kujera ba. Ta wannan taga ake ba akawu jerin lambobi ya yi ta kira, ta nan ake dakatar da shi, ta nan ake korarsa.

Amma fa saurin da gyara ke yi, shi kuskure ke yi. A watan Janairu na 2024 akawun kamfanin kai kaya na DPD a Ingila ya shiga ashar, har ya kushe kamfanin da ya ajiye shi, bayan wani mai hulɗa ya zuga shi. Kamfanin ya ce matsalar ta biyo bayan wani gyara da aka yi wa tsarin, ya kashe sashen nan take.

In akawun ya yi maka alkawarin da ba daidai ba fa, wa za ka riƙe? An yi wannan shari'a a Kanada. Wani mutum kakarsa ta rasu a 2022, ya tambayi akawun kamfanin jiragen sama na Air Canada game da rangwamen masu zuwa jana'iza. Akawun ya ce masa ya sayi tikiti, ya nemi rangwamen daga baya cikin kwana 90. Da ya nema sai aka ce ba haka dokar kamfani take ba. Gaban hukumar sasanta ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya nemi ya nuna cewa akawun shi ke da alhakin maganarsa. A watan Fabrairu na 2024 hukumar ta yi watsi da wannan hanzari, ta sa aka biya mutumin kimanin dalar Kanada 812. Hukuncin na can ne, ba ya ɗaure kotunanmu, amma ko a zangon shanu aka kai maganar, abin da dattawa za su yanke ke nan. Abin da ya ceci mutumin kuwa, ya ɗauki hoton hirar ya ajiye. Ku ma ku riƙa yin haka.

Sai maganar mabuɗi. Wasu haruffa ne da lambobi masu tsawo, duk wanda ya riƙe su shi ne maigida a idon taga. In suka faɗa hannun ɓarawo, yana iya canja wa akawu lambar asusun da ake biyan kuɗi, ya karance hirar masu saye, ko ya yi ta nasa kiran a kan kuɗinka. Kuɗin kuwa yawanci da dala ake lissafa shi, ga yadda naira ta zube tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023. Don haka matashin ya ce ba ya aika mabuɗi ta saƙon waya, in kuma ya yi shakka sai ya soke shi ya karɓi sabo.

Ku masu kira, ku sani yawanci ana rubuta abin da kuka faɗa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba mutum ikon ya tambayi kamfani abin da ya ajiye game da shi. Kuma taga ba ta tambayar mai mabuɗi ko mutumin kirki ne. Ɗan damfara ma yana iya ajiye nasa akawun mai daɗin baki. Duk muryar da ta kira ka ta nemi lambar sirrin katinka, ta mutum ce ko ta inji, kashe wayarka.

Da na ce a bar ni in gwada shi da Hausa, a nan aka ga iyakarsa. Gaisuwa ya iya ta sarai. Amma rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, sai ga shi yana karanta garin masara kamar sunan wani gari ne a kan hanyar Zariya. Na ce masa a rage mini jaka biyar, ya amsa da cewa buhu suke sayarwa, ba jaka ba. Matashin ya yi dariya, ya ƙara layi ɗaya cikin takardar hali, cewa jaka a bakin 'yan kasuwa naira 200 ce, ya miƙa ta taga. Na sake kira, ya gane, ya ba ni haƙuri ya ce ba a ba shi ikon ragi ba.

Na tambayi dalili. Ashe Alhaji ne ya kafa sharaɗi tun ranar fari: akawun ya faɗi farashi, ya rubuta buhu nawa ake so, ya faɗi ranar da mota za ta tashi zuwa Ikko. Ragi da bashi kuwa, sai an kira shi da kansa bayan la'asar.