Kalmar "leave": ƙaramar kalma mai iya juya labarin mutum



Mu da muke fassara a sashen kariya, kullum muna zaune tsakanin jami'i da mai magana. A nan Minawao takardu kan zo da Faransanci ko da Turanci, yaranmu kuma da Turanci suke karatu. Shi ya sa mutane da yawa sukan gwada amsa tambaya da ɗan Turancin da suke ji, kuma wannan abu ne mai kyau. Sai dai akwai kalma ɗaya da muka ga tana yawan rikita mutane, ita ce "leave". A wannan fitowar za mu bi ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo ofis. Aka tambaye shi ra'ayinsa kan komawa gida. Bai jira mu ba, sai ya ce, "I want to leave here." Ɗayanmu ya tambaye shi da Hausa, "Baba, tafiya kake so ko zama?" Ya ce, "Ɗana, ina za ni? Har yanzu ba mai iya zuwa gonata. Zama zan yi tukuna." Ashe "live" yake nufi, wato zama, amma abin da ya fito daga bakinsa "leave" ne, wato tafiya. Da ba a sake tambayarsa ba, da an fahimci akasin abin da ke ransa.

Tafiya da zama

Bambancin kalmomin nan biyu a wajen jan murya yake. Mu ma muna da irinsa a Hausa. Garin da mutane ke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, rubutunsu ɗaya ne, amma na tuwo ana jan "ga" ɗinsa. Haka "leave" take, ana jan ta kamar garin tuwo. "Live" kuwa gajeriya ce. Idan abin ya riga ya wuce, "leave" takan koma "left", ita kuma "live" ta koma "lived".

Wanda bai tabbata da bakinsa ba, ya kauce wa kalmomin gaba ɗaya. Mai son zama ya ce "I want to stay." Mai son tafiya ya ce "I want to go." Waɗannan ba sa kama da juna. Ku tuna, yarjejeniyar da Kamaru da Najeriya da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa hannu a Yawunde a watan Maris na 2017 ta ginu ne a kan cewa komawa gida da son ran mutum ake yin sa. To, dole son ran nan ya fito fili a bakin mai shi.

Barin wuri

Ma'anar farko ta "leave" ita ce barin wuri. "We left Gwoza in 2014" na nufin mun bar Gwoza a 2014. Amma idan ƙaramar kalmar "for" ta shiga, zancen ya juya. "We left for Mora" na nufin mun tashi mun nufi Mora. A jimla ta farko, garin da aka ambata shi ne wanda aka baro. A ta biyu, shi ne wanda aka nufa. Mai ba da labarin hanyar da ya biyo ya kula da wannan, domin da ita ake gane inda ya fito da inda ya ratsa. Haka kuma idan aka rubuta "The bus leaves at 7", mota za ta tashi ƙarfe 7 ke nan, don haka a zo kafin lokacin.

Barin mutum

A nan ne muka fi so ku natsu. Ga jimloli uku masu kama da juna:

"I left with my son." Na taho tare da ɗana.
"I left my son." Na baro ɗana.
"I left my son with my sister." Na bar ɗana a hannun 'yar'uwata.

Kalmar "with" kaɗai ce ke shiga, ta fita, ko ta canza wuri, amma halin da yaron yake ciki ya bambanta ƙwarai. A aikin kariya, yaron da ya rabu da iyayensa amma yana hannun dangi, matsayinsa daban ne da na yaron da ba wani babba da ke kula da shi. Na biyun ya fi buƙatar a hanzarta nemansa. Masu aikin haɗa iyalai, kamar ƙungiyar Red Cross, da abin da aka gaya musu suke fara bincike. Idan takarda ta nuna yaro ya taho tare da uwarsa alhali a baya aka baro shi, wa zai fita nemansa?

Akwai kuma wani tarko. A Hausa mukan sakaya zancen mutuwa, mu ce wane ya bar mu, ko ya bar duniya. Matar da ta ɗauki wannan ta ce "My husband left me", mai jin Turanci zai ɗauka mijin ya rabu da ita ne ya yi tafiyarsa. Idan rasuwa ya yi, a ce "He died." Idan ba a san inda yake ba, a ce "He is missing." Mun san faɗin haka da nauyi, amma rasuwa da rabuwar aure da ɓata abubuwa uku ne, kuma taimakon da ya dace da kowanne daban ne.

A kan takarda

Wajen cika fom za ku riƙa ganin "Leave blank". Ma'anarsa, a bar wurin haka nan, kada a rubuta komai, sau da yawa na jami'i ne. "Leave out" kuwa tsallake abu ne ko ƙin sa shi. Idan an rubuta "Do not leave out any child", ana nufin kada a tsallake ko yaro ɗaya, har jaririn da ke goye da marayan da kuke riƙo. "Left behind" na nufin abin da aka baro ko wanda aka baro a baya.

Ita kanta "left" tana da wasu fuskoki biyu. Takan nuna abin da ya rage: "Two days left", saura kwana 2, "Nothing is left", ba abin da ya saura. Takan kuma zama hagu, wanda ba shi da alaƙa da tafiya ko kaɗan. Idan mai ɗaukar zanen yatsu ya ce "left hand", hannun hagu yake nema.

Hutu

Wani lokaci za ku zo neman ma'aikaci a ce muku "She is on leave." Tana hutu ke nan, za ta dawo. "She has left" kuma na iya nufin ta tashi daga aiki na yau, ko ta bar aikin gaba ɗaya, sai a tambaya a ji wanne ne. Mun taɓa ganin wata uwa ta juya gida da hawaye, ta ɗauka mai riƙe da maganarta ta tafi ke nan, alhali hutu ta je. Ko ma'aikaci ya tafi, ku tambayi wanda ya karɓi maganarku.

Ba kowace "bari" ce "leave" ba

Saboda "leave" tana kama da "bari" tamu, wasu sukan sa ta ko'ina. "Bari in gani" a Turanci "Let me see" ne. "Bar kuka" kuma "Stop crying" ne. Amma "ƙyale ni" ita ce "Leave me alone", kuma yana da kyau yara mata da maza su san ta, su faɗe ta da ƙarfi ga duk wanda ya takura musu, sannan su gaya wa babba.

Abin da muke roƙo

Ku ci gaba da koyon Turanci, ku sa yaranku su karanta muku jimlolin nan da yamma har kunne ya saba da bambancinsu. Amma ranar da maganar ta shafi komawa gida, ko neman wanda ya ɓata, ko rajistar iyali, ku yi ta da harshen da kuka fi iyawa, ko Hausa ne, ko Kanuri, ko Glavda, ko Mafa, ku nemi mai fassara. Kada ku ɗora wa ƙaramin yaro fassarar zancen mutuwa ko cin zarafi, nauyin ya fi ƙarfinsa. Kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, ku ce a karanta muku abin da aka rubuta. Idan kun ji wani abu ba daidai ba, ku faɗa nan take a gyara. Ba a biyan ko sisi don fassara, kuma ba wanda zai ji haushi don kun ce a maimaita. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya ci karo da wata kalma a takardarsa da ta shige masa duhu, ya kawo mana ita a sashen kariya, mu duba tare.

Daga masu fassara na sashen kariya.