Cikon da ke ƙarƙashin wuyan jitar lantarki

A 1950, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, Leo Fender ya fito da jitar lantarki wadda wuyanta ba a manne yake da gam ba. Sukurori huɗu ne ke ratsa wani farantin ƙarfe ta baya su riƙe wuyan a cikin gurbin da aka fafe masa a jikin katako. Ita ce aka sa wa suna Telecaster a 1951, Stratocaster kuma ta biyo baya a 1954 da irin wannan ɗauri. Fender mai gyaran rediyo ne tun asali, don haka ya so kayan da za a kwance, a gyara, a mayar. Kamfanin Gibson ya bi wata hanyar a Les Paul ta 1952: wuyan a manne, karkatarsa kuma an yanke ta tun daga masana'anta. Wanda ya sayi irin ta Gibson ya gaji karkatar wuyanta har abada, sai dai in zai biya aiki mai tsada. Mai irin ta Fender kuwa sukundireba ta ishe shi.

Abin da ke kai makaɗi ga wannan aiki shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan gaɓoɓin wuya. In ta yi yawa, yatsu su sha wuya, sauti ya riƙa zamewa sama saboda an ja tsirkiya kafin ta taɓa ƙarfe. In ta yi kaɗan, tsirkiya ta riƙa bugun ƙarafan tana zizza. Masu gyara sukan auna a gaɓa ta 12, wato tsakiyar tsirkiya, kuma galibi suna neman milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Maganin farko yana wurin jaki, wannan ƙarfe da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, don yana da ƙananan sukurorin ɗagawa da saukewa. Matsala tana tasowa ne ranar da aka sauke jakin har ƙasa, sukurorin suka fito suna sukar tafin hannu, tsirkiya kuma tana can sama. To, karkatar wuyan ce ba daidai ba.

A nan ciko yake shigowa: ɗan siririn abu da ake sawa a cikin gurbin kafin a mayar da wuya. In aka sa shi a ƙarshen gurbin ta wajen jaki, kan jitar zai ɗan kwanta baya, tsirkiyoyi su matso kusa da wuya, a samu damar ɗaga jakin zuwa tsakiyar zangonsa. In aka sa shi a bakin gurbin ta wajen kai, akasin haka ne zai faru, kuma ba kasafai ake bukatar hakan ba.

Lissafin ne ke ba mutane mamaki. Tsawon tsirkiyar Stratocaster daga kai zuwa jaki milimita 648 ne. Gurbin wuya bai wuce milimita 76 ba, amma daga bakinsa zuwa jaki akwai kusan 257. Duk kaurin da aka cusa a ƙarshen gurbin, sai ya ninka fiye da sau uku kafin tasirinsa ya isa jaki. Kati mai kaurin rubu'in milimita zai sauya lissafin jaki da kusan milimita ɗaya, ya rage tazarar gaɓa ta 12 da rabin wannan. Shi ya sa mai gaggawar da ya ninke kwalin sigari gida uku yakan tarar da tsirkiyoyi sun kwanta a kan ƙarafa ɗungurungum, ba sauti ko ɗaya.

Wasu na ganin ciko ha'inci ne, alamar jita mai aibi. Ban yarda ba. Masana'antar Fender da kanta ta riƙa sa shi, musamman a Jazzmaster ta 1958 da Jaguar ta 1962, waɗanda jakinsu ke bukatar tsayi don tsirkiyoyi su danne shi sosai, kada su riƙa tsalle daga mazauninsu in an kaɗa da ƙarfi. A farkon shekarun 1970 kamfanin ma ya saka wani ɗan sukuru da ya kira Micro-Tilt, wanda ake murɗawa ta wani rami a farantin baya ya yi aikin cikon. Gardamar da ta fi ma'ana ita ce ta siffa. Guntun kati yana barin iska a ƙarƙashin wuya, sukurori kuma suna jan katako zuwa cikin wannan fili, kuma masu gyara da yawa suna ɗora masa laifin ɗan tudun da kan taso a gaɓoɓin ƙarshe bayan shekaru. Don haka kamfanoni irin su StewMac suke sayar da cikon katako mai cika gurbin gaba ɗaya, kauri a gefe guda, siriri a ɗayan, na rubu'in digiri, rabi, ko digiri ɗaya. Kafinta mai haƙuri zai iya fitar da irinsa da samfefa.

Sai dai kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, a duba lanƙwasar wuyan. A cikinsa akwai rodin ƙarfe mai yaƙi da jan tsirkiyoyi, kuma katako yana motsi da yanayi. Makaɗan Agadas da sauran garuruwan Nijar, inda jitar lantarki ta zama kayan biki har ta fito da irin su Bombino da Mdou Moctar, suna kiɗa a ƙasar da hunturu ke busar da katako ƙayau, damina ta zo ta sauya shi. Tazarar da ta lalace saboda yanayi rodin ne zai gyara ta, da murɗi kaɗan-kaɗan. Sai an daidaita shi, an gwada jaki ya ƙare, sannan a sassauta tsirkiyoyi, a kwance wuya a hankali don kada fenti ya ɓare a bakin gurbi, a fara da ciko mafi siranta. Wajen mayarwa a bar kowane sukuru ya nemi tsohon zarensa, a ɗaure su bi da bi, kuma a tabbata tsirkiya ta farko da ta shida sun yi nisa ɗaya da gefen wuya kafin ɗaurin ƙarshe.