Hasarar Kamfani da Harajin Shekaru Masu Zuwa

Harajin kamfanoni na Gwamnatin Tarayya ne, ba ya bi ta hannun Hakimai. Amma da yake attajirai da yawa sun mai da kasuwancinsu kamfani mai rajista, kuma sukan kawo tambaya zauren Hakimi kafin su nufi ofishin haraji, ya kamata Hakimai da malamansu su san ƙa'idar da ake bi idan kamfani ya faɗi.

A kan riba ake aza wa kamfani haraji. In ya yi hasara a wata shekara, doka ta yarda a riƙe lissafinta, a cire ta daga ribar shekarun da ke tafe. Ga misali. Kamfanin da ke sayen gyaɗa da riɗi ya faɗi da naira miliyan 60 bara, bana kuwa ya ci ribar miliyan 100. To, a kan miliyan 40 kaɗai za a yi masa lissafi. Da ribar bana miliyan 20 ce, sai ta shige duka cikin hasarar, a kai ragowar miliyan 40 baɗi. A da, shekara huɗu ce iyaka ga yawancin kamfanoni, abin da ya saura bayan haka ya tafi ke nan. An ɗage wannan iyaka a 2007, kamfanonin inshora kuma suka sami nasu sauƙin da dokar kuɗi ta 2019. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026, ba ta maido da iyakar ba.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Hasara tana bin sana'ar da aka yi ta a ciki. In kamfanin nan ya daina sayen amfanin gona ya koma sufurin motoci, ba zai ɗebi tsohuwar hasarar gyaɗa ya rufe ribar motoci da ita ba. Saboda haka tilas a san abin da doka ke kira ciniki.

Ba kowane saye da sayarwa ne ciniki ba. Kamfanin da ya sayi fili domin ya gina sito, daga baya ya fasa ya sayar da faɗuwa, dukiyarsa ce ta ragu, ba hasarar ciniki ya yi ba. Wanda kuwa aikinsa ke nan, ya sayi filaye ya yanka ya sayar, filin nan hajarsa ce, kamar yadda atamfa take ga ɗan Kantin Kwari.

A 1955 wani kwamitin bincike a Ingila ya tsara alamomi shida na gane ciniki, masana haraji a ƙasar nan ma suna aiki da su. Ana duba irin kayan, da daɗewarsu a hannu, da yawan maimaita irin wannan sayarwa, da ko an yi musu wani aiki don su sayu, da abin da ya kawo sayarwar, da kuma niyyar mai saye tun farko. Irin kayan kaɗai yakan isa hujja. A 1929 wata kotu a Sikotilan ta yi shari'ar wani mutum da ya sayi naɗin takardar bayan gida miliyan ɗaya a Jamus, ya sayar da su gaba ɗaya. Ya ce sau ɗaya ne, ba sana'arsa ba ce. Alƙalai suka ce ba mai sayen wannan adadi don amfanin gidansa, ko don ajiya, watau ciniki ya yi.

Lalle malamai su riƙa tuna wa masu kamfani cewa shekarar faɗuwa ma sai an kai lissafi ofishin haraji, cikin wata shida bayan rufe littattafan shekara. Wasu sukan ce tun da ba riba, ba abin da za a kai. Wannan kuskure ne mai tsada, gama hasarar da ba a nuna ta da rasit da littafi ba, da wuya ma'aikatan haraji su yarda a cire ta ranar da riba ta zo.