Sankarar mafitsara: Yadda garkuwar jiki ke gane ƙwayoyin da suka ɓaci

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam na ɗauke da wani umarni da masana ke kira DNA, wanda ke tsara aikinta da lokacin da za ta hayayyafa. Duk sa'ad da ƙwaya ta rabu biyu sai an kwafi umarnin, kuma kuskure kan shiga cikin kwafin. Galibi jiki na gyarawa. Idan kurakuran suka taru a sashen da ke taka wa ƙwayar birki, kamar wanda ake kira TP53, sai ta riƙa yaɗuwa ba ƙaƙƙautawa. Mafarin sankara ke nan.

Aikin mafitsara ne ke jefa ta cikin wannan haɗari, domin tana riƙe fitsari na sa'o'i tare da gubar da ƙoda ta tace daga jini. Shan sigari shi ne babban musabbabi, sai sinadaran masana'antun rini da roba. Tun a 1895 wani likitan Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawaitar cutar tsakanin ma'aikatan kamfanin rini.

Abin mamaki, yawan kurakuran nan kan tona asirin cutar. Ƙwayar da ta ɓaci tana fitar da baƙin alamomi a bayanta, sojojin garkuwar jiki kuma na iya gane ta da su. Sankarar mafitsara na cikin waɗanda suka fi tara irin waɗannan kurakurai, abin da ya sa likitoci ke ganin tana amsa maganin da ke zaburar da garkuwa. A 1976 Dokta Alvaro Morales na Kanada ya nuna cewa zuba maganin BCG a cikin mafitsara ta siririyar roba na rage dawowar cutar bayan an kankare ƙarin. BCG ɗin nan dai shi ne rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai a damtse.

Sai dai sankara ma tana da dabararta. Wasu ƙwayoyinta na sanya wata alama mai suna PD-L1 da ke kashe wa sojojin garkuwa gwiwa. Magunguna irin su pembrolizumab na warware wannan yaudara, kuma binciken da ya share musu hanya ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Amma kada a ɗauka an gama: idan cutar ta bazu, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ƙarinsa ke raguwa da wannan magani shi kaɗai, ga kuma tsada. Masu kuskure a sashen FGFR3 kuwa suna da nasu maganin, erdafitinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2019.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin matsala, wato tsargiya. Ƙwan tsutsarta kan maƙale a bangon mafitsara, ya haddasa kumburi na shekaru, har ya kai ga wani nau'in sankara dabam da wanda aka fi gwada sababbin magungunan a kansa. Sabo da tsargiya ya sa mutane da yawa ke raina fitsarin jini, alhali shi ne alamar farko ta wannan sankara, kuma sau da yawa ba ya zuwa da zafi. Babban mutum da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne, yana buƙatar gwajin fitsari da hoton ciki, wani lokaci har da leƙa mafitsara da na'ura, domin ƙarin da bai kai ga tsokar mafitsara ba ana iya kankare shi ba tare da an cire ta ba.