Daren da Indiya Ta Zaɓi Sa'a

Ranar 4 ga Yuni 1947, a taron manema labarai a birnin Delhi, aka tambayi Lord Mountbatten, wakilin Sarkin Ingila na ƙarshe a Indiya, yaushe za a miƙa mulki. Gwamnatin Landan ta riga ta sa wa'adin Yunin 1948, amma sai ya ambaci 15 ga Agusta na wannan shekarar. Daga baya ya ce ya zaɓe ta ne don ita ce ranar da Japan ta miƙa wuya a 1945, lokacin yana babban kwamandan sojojin ƙawance a kudu maso gabashin Asiya.

Hankalin masana taurari na Hindu ya tashi. Suka buɗe littafinsu na lissafin kwanaki, wanda suke kira panchang, suka ce wannan Juma'ar nahisa ce, ƙasar da aka haifa a cikinta ba za ta ga daidai ba.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin ƙaramar magana. Panchang na duba abu biyar a kowace rana, ciki har da kwanan wata da masaukin da wata ya sauka a cikin taurari. Yini da dare an kasa su sa'o'i 30, kowace minti 48, ana ce mata muhurta. A kowane yini kuma akwai kamar awa ɗaya da rabi da ake kira Rahu kalam, wadda mai kiyaye al'ada ba ya ɗaura aure ko fita tafiya ko buɗe sabon shago a cikinta. Mutanen da ba sa aza tubalin gida sai an duba musu sa'a, ta yaya za su yarda a aza tubalin ƙasa da ka?

Bature ya ƙi sauya ranarsa. Mafitar da aka samu, wato a karɓi mulki da ƙarfe 12 na daren 14 ga wata, ta burge ni ƙwarai, domin ba wanda aka kunyata. A wurin Turawa, rana tana somawa ne da ƙarfe 12 na dare. A lissafin Hindu kuwa, sai gari ya waye, rana ta fito. Saboda haka tsakar daren nan, ga Mountbatten 15 ga wata ta shiga, ga masu panchang har yanzu Alhamis ce, nahisar ba ta kama ba. Mu da dare ke riga yini a wurinmu, daren Juma'a za mu kira shi.

Da ƙarfe 11 na daren 14 ga Agusta majalisar tsara tsarin mulki ta zauna ƙarƙashin Rajendra Prasad. Jawaharlal Nehru ya miƙe ya yi jawabi. Agogo na buga 12, aka busa ƙatuwar katantanwar teku a cikin zauren, irin wadda ake busawa a wuraren ibadar Hindu, wakilai suka yi rantsuwar yi wa ƙasa hidima. Da safe aka rantsar da Nehru firayim minista na farko.